Malam Abdullahin Gwandu Yana Ɗan Shekara 13

Da hutun zangon da ya wuce na koma gida Kalgo na iske rigima tana jirana. Ƙanena da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ya kafe shi fa ya gama boko, wurin mai walda zai koma. Baba ya yi faɗa, Inna ta yi lallashi, duk a banza. Na karɓi littafinsa na darasin fasaha na buɗe, sai ga zanen zarto da guduma da filaya, kowanne da sunansa da amfaninsa cikin Turanci, an kwafe su tsaf daga allo. Na tambaye shi ko ya taɓa riƙa ɗaya daga ciki a aji, ya ce ko a ido bai gansu ba. Wallahi sai na kasa yi masa faɗa, don ni ma haka na taso. Ranar da na fara SIWES ogana ya miƙo min mita in auna wuta a soket, na tsaya ina jujjuya ta gumi na keto min, alhali na sha cin wannan tambaya a takarda.

Shekarun ƙanen nan nawa 13. Wannan adadi ne ya tuna min da mutumin da hubbarensa ke Gwandu, garin kakannina na wajen uwa, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Sunansa ba baƙo ba ne gare mu: fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi sunansa ta ci, haka jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Mun san shi jarumi, mun san shi marubuci. Abin da ba kasafai ake ba mu labari ba shi ne yadda aka yi da shi lokacin da yake tsaran ƙanena.

An haifi Abdullahi wajen shekarar 1766 a ƙasar Gobir, cikin gidan malamai na Fulani Toronkawa. Mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u, uwa ɗaya uba ɗaya suke da Shehu Usmanu wanda aka haifa a 1754. A gaban mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi a hannun wansa. Shi da kansa ya ba da wannan labari a ɗan littafinsa Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowanne. Ku lura, a lokacin Shehu bai wuce shekara 25 ba. Da kaɗan ya girmi yawancin masu karanta wannan mujalla.

A wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Larabawan farko, ya yi nahawu da Ajurumiya, ya yi fiƙihu da Ahalari da Ishmawi da Risala, ya yi tauhidi da tafsiri da hadisi, har da lissafi. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san yadda ake irin wannan karatu. Kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya. Ka zo gaban malam ka biya, ya fassara maka, ya gyara inda ka karkace, ka tashi na bayanka ya matso. Mai kaifin kai ba a tsayar da shi don a jira wasu, mai nauyin fahimta kuma ba a jansa ƙiii don zango ya ƙare. Babu injin ɗab'i, don haka in kana son littafi sai ka feƙe alƙalaminka, ka dama tawadarka da gawayi da ƙaro, ka zauna ka kwafe shi baƙi bayan baƙi, a kan takarda mai tsada da fatake ke ƙetaro Sahara da ita. Kafin yaro ya mallaki littafi, littafin ya riga ya bi ta hannunsa.

Sai dai babban ajin Abdullahi bisa hanya yake. Shehu mai yawon wa'azi ne, kuma duk inda ya sa ƙafa ƙanen yana biye. Sun shigo ƙasar Kabi, sun yi shekara kusan biyar a Zamfara, daga baya suka ƙetare Kwara har Illo. Yaron yana zaune yana kallon yadda ake yi wa manoma da makiyaya bayanin addini da Hausa da Fulatanci, yadda ake amsa wa mai gardama, yadda ake tsayuwa gaban masu mulki. Yana tare da wansa a taron Magami wajen 1788, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai da babbar Sallah yana rabon kyauta, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi a kuma sassauta wa talakawa. Wane allo ne zai koya wa yaro wannan?

Akwai abin da ya faru a tafiyar Zamfara da ya fi komai tsaya min a rai. A wani gari da ake kira Daura (ba Daurar jihar Katsina ba) wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya tare su da waƙar Larabci yana sukar yadda mata ke halartar majalisin Shehu. Shehu na iya amsawa da kansa cikin sauƙi. Maimakon haka ya juya ya ɗora wa Abdullahi, wanda bai fi shekara 20 ba. Saurayin ya tsara amsa a kan ma'auni da amsa-amon waƙar Gonin, yana kafa hujja cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni a kan abin da ake gudu. Jarabawa ke nan ta gaske, a bainar jama'a, da mutuncin malaminsa a hannunsa. Malamin da ya yarda ya ba ɗalibi irin wannan aiki ya san abin da ya shuka.

Shehu bai kuma riƙe shi shi kaɗai ba. In littafi na da gwaninsa a wani wuri, can ake tafiya. Haka Abdullahi ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu kansa, ya kuma saurari Sahihul Buhari wurin ɗan uwansu Malam Muhammadu ɗan Raji, wa da ƙane zaune a tabarma ɗaya suna ɗalibta.

Da al'amura suka rincaɓe tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, kuma wannan ɗalibi na jiya shi ya ja rundunar da ta yi nasara. A 1805 shi ya jagoranci cin Birnin Kebbi, jama'a suka dawo Gwandu da zama. Ƙarshen shekarar suka sha mummunan kashi a Alwasa, aka rasa mutane da yawa, kafin su tsaya su kare Gwandu.

A 1807 ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu abokan tafiya, ana rububin dawaki da tufafi da muƙamai. Ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanen garin suka tare shi, suka roƙi ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya yi musu tafsiri, sannan ya juyo gida. Buƙatar masu neman sani ce ta fasa masa tafiyar.

A 1812 Shehu ya raba kula da daula, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, abin da ya kawo 'yar tsama tsakaninsa da baffansa. Sun shirya ne bayan Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, nan kusa da Gwandu. Daga nan Malam ya ƙara ja baya daga harkar mulki, ya bar yawancinta ga ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu har Allah ya karɓi ransa a Gwandu a 1829. Allah ya jiƙansa da rahama.

In ka dubi jerin littattafansa za ka ga tarbiyyar da ya samu tana bin sa. Ya rubuta babban tafsiri, Diya'ut Ta'awili. Da ya ga ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi, ya sake zama ya taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan, bisa ƙira'ar Warshu da mutanenmu suka saba da ita. Haka ya yi wa Miftahut Tafsir, ya fitar da gajerensa Sulalatul Miftah. Nahawu da sarfu, waɗanda ke sa ɗalibai ciwon kai, ya zuba su cikin waƙa a Bahrul Muhit da Hisnur Rasin don su zauna a ka. Ya kuma taƙaita Madkhal na Ibnul Hajj, littafin da ke bayanin ladubban malami da ɗalibi da masu sana'o'in hannu. Malami ne da ke fara duban wanda ke gabansa kafin ya ɗauki alƙalami.

Kada wani ya ce na ce zamanin da ba shi da aibi. Akwai hadda mai yawa, akwai bulala, kuma ba kowane yaro ne ya dace da wa irin Shehu ba. Mu ma a takarda tsarinmu ba laifi. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, manufar ita ce yaro ya yi shekara uku na ƙaramar sakandare yana taɓa katako da ƙarfe da waya, ya gano inda hannunsa ya faɗa. Aka sayo injuna daga waje, amma a makarantu da yawa ba wuta, ba malamin da zai kunna su, suka tsufa cikin akwatuna. Abin da ya rage shi ne zanen zarto a littafin ƙanena.

Ga yadda muka ƙare a gida. Na roƙi Baba ya bar min shi. Muka yi yarjejeniya zai ci gaba da zuwa makaranta, ranar Asabar kuma ya bi ni 'yan ayyukan wayarin da nake samu a unguwa. Makon farko jakar kaya kawai ya ɗauka. Na biyu na kashe wuta daga babban makunni, na miƙa masa sukundireba ya canza soket ɗin ɗakin Inna, ina tsaye a kansa ban sa hannu ba. Sau biyu yana kwancewa kafin ya zauna daidai. Da dare sai ga shi da tambaya, wai me ya sa wayar hita ta fi ta ƙwan fitila kauri. Na ce ya ɗauko littafin nan nasa da ya tsana, muka nemo amsar tare.

Har yanzu in mun wuce shagon mai walda sai ya waiwaya, kuma ban ga laifinsa ba, walda sana'a ce. Amma da aka koma hutu ya koma aji. 'Yan watanni suka rage mu karɓi difloma, wasu lantarki, wasu gini, wasu kwamfuta, wasu lissafin kuɗi. Da wuya a samu wanda ba shi da ƙane ko ƙanwa mai shekara 12 ko 13 a gida. In za ku fita aiki da hutun nan, ku tafi da su, ku bari su riƙa kayan aikin da hannunsu.