Marin Mersenne, limamin cocin da kwamfutoci ke bin sawunsa har yau

A watan Oktoban 2024 aka sanar da gano wata lamba mai alƙaluma 41,024,320, wadda babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar yadda 7 ko 13 suke. An gano ta ne ƙarƙashin shirin GIMPS na 'yan sa-kai, wanda George Woltman ya kafa a 1996: mutum ya sauke manhaja kyauta, ya bar kwamfutarsa tana gwaji dare da rana, ana rige-rigen wanda zai dace. Sunan da irin wannan lamba ke ɗauke da shi kuwa na wani limamin cocin Katolika ne da ya mutu tun 1648.

An haifi Marin Mersenne ranar 8 ga Satumba, 1588, kusa da Oizé a Faransa. Ya yi karatu a makarantar La Flèche, inda René Descartes ma ya yi, sannan a 1611 ya shiga ƙungiyar Minim, masu zaman gudun duniya da ba sa cin nama. Daga 1619 ya zauna a gidan ibadarsu da ke birnin Paris.

A zamaninsa babu mujallar kimiyya ko ɗaya, sau da yawa kuma masani bai san abin da takwaransa ke ciki ba. Sai Mersenne ya mai da ɗakinsa tamkar ofishin shige da ficen takardu. Wasiƙa ta iso daga Pierre de Fermat a Toulouse, ya kwafe ta, ya aika wa Descartes a Holan; amsa ta dawo, ya miƙa ta gaba. Wani lokaci hakan yakan tayar da ƙura, domin ta hannunsa ne taƙaddamar waɗannan masana biyu ta bi. A 1634, shekara guda bayan coci ta hukunta Galileo, ya fitar da fassarar wani aikinsa da Faransanci, abin da ba ƙaramar jarumta ba ce ga limami. Duk wanda ya taɓa bin fayil a ma'aikata ya san nauyin irin wannan aiki, ya kuma san cewa ba kasafai ake tuna mai yin sa ba.

Abin da ya sa ake tunawa da shi, wani jeri ne mai kurakurai. A wani littafinsa na 1644 ya duba lambobin da ake samu idan an jera 2 sau da yawa, aka ninka su, aka cire 1: a jera ta sau uku a sami 8, a cire 1 saura 7. Ya ce daga sau 2 zuwa sau 257, guda goma sha ɗaya ne kaɗai ke ba da lamba marar rabuwa, bai kuwa kawo hujja ba. Sai a 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da ta 127. Ta 67 da ta 257 ashe suna rabuwa, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. A 1903 ne Frank Nelson Cole ya nuna wa taron masana a New York lambobi biyun da, in an ninka su, suke ba da ta 67.

Mersenne bai ga ko ɗaya cikin wannan ba. Ciwon huhu ya yi ajalinsa a Paris ranar 1 ga Satumba, 1648, saura mako guda ya cika shekara 60, bayan ya bar wasiyyar likitoci su binciki gawarsa. Lambar da aka sanar a 2024 ita ce ta 52 da aka sani cikin masu sunansa, kuma ta 18 da shirin 'yan sa-kan ya gano.