Sarkin Kano Alu, Wanda Ya Rasu a Lokoja

Tun da daɗewa Turawan Ingila suna da al'adar nesanta mutum da ƙasarsa in sun ga zamansa a cikinta zai dame su. Daga 1788 zuwa 1868 sun kwashe masu laifi fiye da 160,000 a jiragen ruwa zuwa Ostireliya, da yawansu wa'adin shekara 7 ko 14 aka yanka musu. Sa'ad da suka ci ƙasashen Afirka sai suka juya wannan dabara kan sarakunan da suka ƙi ba su kai, kamar Sarkin Asante Firempe wanda aka kai tsibiran Seshel a 1900. A ƙasar Hausa kuwa babu wanda labarinsa ya fi na Sarkin Kano Alu ban tausayi.

Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu mai sango, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, watau ya gāji sarauta ta wajen uwa da uba. Ya tashi da karatu mai zurfi, har ana lissafa shi cikin malamai.

Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi ba su yarda ba, suka fita gari tare da Yusufu, aka shiga Yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, jama'arsa suka yi wa Alu mubaya'a. Cikin shekaran nan ya shiga Kano da yaƙi, Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka kashe shi a 1895. Shekarun sarautar Alu kusan duk a bakin daga ya yi su, musamman da Damagaram.

A 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan na cikin dalilan da Gwamna Lugga ya kafa na tura yaƙi. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Kanar Moland suka ci Kano, Sarki kuwa ya tafi Sakkwato gai da sabon Sarkin Musulmi Attahiru. A hanyar komowa labari ya iske shi, ya rabu da rundunarsa da dare ya yi arewa. Waziri Ahmadu ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi ya rasu a nan, Wambai Abbas kuwa ya komo da jama'a gida, Turawa suka naɗa shi Sarki.

A ƙasar Gobir aka kama Alu, aka miƙa shi ga Turawa. Suka kai shi Yola, daga baya suka mai da shi Lokoja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Can ne suka riƙa tara sarakunan da suka tuɓe, kamar Sarkin Zazzau Kwasau, da Aliyu ɗan Sidi, da Etsu Nupe Abubakar.

Ɓarawon da aka kai Ostireliya yana iya ƙidaya shekarunsa har ya sami 'yanci. Alu kuwa shekara 9 ya yi a gadon sarauta, ya yi 23 a baƙuwar ƙasa, bai sake ganin Dala da Gwauron Dutse ba. Ya rasu a Lokoja a 1926, a can kabarinsa yake. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.