Will Hays, ɗan siyasar da ya riƙe almakashin Hollywood shekara 23

A ƙarshen shekara ta 1921 masu kamfanonin fim na Hollywood sun shiga tsaka mai wuya. Roscoe Arbuckle, ɗaya daga cikin manyan ƴan wasan barkwanci na zamanin, yana gaban kotu kan mutuwar wata ƴar fim, Virginia Rappe, bayan wata liyafa a otel a San Francisco. Malaman coci da ƙungiyoyin mata suka taso masana'antar a gaba, wasu jihohi kuma sun kafa hukumomin tace fim, kowace tana yanke abin da ta ga dama. Babu inda za a kai kuka, domin tun 1915 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa fim kasuwanci ne kawai, ba ya cikin ƴancin faɗin albarkacin baki.

Sai suka nemi mutumin da ba wanda zai iya jifa da zargin lalata. An haifi William Harrison Hays ranar 5 ga Nuwamba 1879 a Sullivan, wani ƙaramin gari a jihar Indiyana. Lauya ne ɗan lauya, kuma dattijo a cocin Presbyterian. Ya shugabanci jam'iyyar Republican daga 1918, ya jagoranci yaƙin neman zaɓen da ya kai Warren Harding fadar shugaban ƙasa a 1920, aka saka masa da kujerar ministan gidan waya. A watan Maris 1922 ya ajiye ta ya karɓi shugabancin sabuwar ƙungiyar masu shirya fim da rarraba shi, a kan albashin dala 100,000 a shekara.

Aikinsa na zahiri shi ne hana gwamnati shigowa, ta hanyar nuna cewa masana'antar na iya gyara kanta. Arbuckle ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa. Kotu ta wanke shi a Afrilun 1922 bayan shari'a uku, amma kwanaki kaɗan bayan haka Hays ya haramta nuna fina-finansa. Ya janye haramcin a Disamba, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe, mutumin bai sake komawa matsayinsa ba.

Kundin da duniya ke kira da sunan Hays, ba shi ya rubuta ba. Wani limamin Katolika, Daniel Lord, da mawallafin jaridar fim Martin Quigley ne suka tsara shi, aka amince da shi a 1930. Ya hana nuna yadda ake aikata laifi dalla-dalla, ya hana sa mai kallo ya goyi bayan mai laifi, ya hana tsiraici da yi wa malaman addini ba'a. Da farko kamfanoni sun sa hannu ne kawai suka ci gaba da harkarsu. Tattalin arziki ya karye, kuma fina-finan ƴan daba irin su Little Caesar da The Public Enemy na 1931 ne ke cika gidajen silima. A kan Scarface rigimar harbe-harbe ta fi zafi. Ofishin Hays ya yi ta kai ruwa rana da mai fim ɗin, Howard Hughes, sai da aka sake ɗaukar wasu wurare aka sauya ƙarshen labarin kafin ya fita a 1932.

Kundin bai samu haƙora ba sai 1934, lokacin da Katolikan Amurka suka yi barazanar ƙaurace wa silima. Hays ya naɗa Joseph Breen ya jagoranci ofishin tacewa. Daga watan Yuli na shekarar, fim ba ya fita sai da hatimin ofishin, wanda ya saɓa kuma tarar dala 25,000 na jiransa. Ana duba labarin tun yana takarda, kafin a kunna kyamara.

Akwai inda tarbiyyar ta koma wariya tsagwaronta. Kundin ya haramta nuna soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata, kuma hakan ya ƙara toshe wa ƴan wasan da ba farare ba hanyar manyan matsayi. Shi kansa mai wa'azin bai tsira ba. A 1928 ya sha tambayoyi a majalisar dattawa kan kuɗin da attajirin mai Harry Sinclair, na badaƙalar Teapot Dome, ya bayar don biyan bashin jam'iyya, kuma bayanansa ba su gamsar da jama'a ba.

Ya yi murabus a 1945, ya rasu a garinsu ranar 7 ga Maris 1954. Shekara biyu kafin rasuwarsa kotun ƙoli ta soke matsayinta na 1915, daga nan kundin ya fara rauni. Bayan Bonnie and Clyde na 1967, wanda ya ƙare da ruwan harsashi a fili, Jack Valenti ya kawo sabon tsari ranar 1 ga Nuwamba 1968. Maimakon a yanke fim, sai a sa masa harafin da ke nuna shekarun mai kallo: G, M, R ko X. PG-13 da matasa ke gani yau a jikin fina-finan Amurka an ƙara shi ne a 1984.