Abdulkarim, Baturen Da Ya Zana Kano

Abin da ya sa na zaɓi in yi magana a kan Dokta Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da suna Abdulkarim, shi ne zane-zanen da ya bar mana na ƙasarmu tun kafin zuwan Nasara.

An haife shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus a 1821. Gwamnatin Ingila ce ta turo shi tare da Turawa biyu, suka taso daga Tarabulus a 1850, suka keto Sahara a kan raƙuma. Abokan nan nasa duka sun mutu a ƙasar Barno. Shi kuwa ya koyi Hausa, ga shi dama ya iya Larabci.

Ya biyo ta Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya hau Dala ya zana birnin, da soraye da bukkoki da dabinai. Ya ƙiyasta mutanenta dubu 30, amma da rani, in fatake sun sauka, sai su ninka. Ya kuma lura cewa tufafin da ake saƙawa a rina a Kano har Tambutu ake kai su.

A 1853 ya ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sa'an nan ya haye kogin Kwara ya nufi yamma. Ya isa Kabara, watau mashigin jiragen ruwan Tambutu, ya zana manyan kwale-kwalen da ke sauke kaya a can.

Da ya koma Turai a 1855, wani gwanin zane mai suna Bernatz ya kwafe zanen nan, aka mai da shi a kan dutse mai santsi, a shafa tawada, a danna takarda, hoto ya fito. Haka aka buga su cikin littafinsa mai juzu'i 5, daga 1857 zuwa 1858. Ya mutu a Balin a 1865, yana da shekara 44.

Abdulkarim ya ambaci Daura cikin Hausa Bakwai, amma hanyarsa ba ta biyo ta nan ba, saboda haka bai bar mana zanen ganuwarmu ko kasuwarmu ba. To, 'yan'uwana ɗalibai, ga rijiyar Kusugu, ga fada, ga tsofaffinmu masu labari. In mun yi sakaci ba mu zana ba, ba mu rubuta ba, wa zai nuna wa jikokinmu?