Georges Matheron

Georges Matheron (an haife shi a ranar 2 ga Disamba, 1930, ya rasu a ranar 7 ga Agusta, 2000) masanin lissafi ne kuma injiniyan ma'adinai ɗan ƙasar Faransa. Shi ya kafa ilimin ƙididdigar ma'adinan ƙarƙashin ƙasa.

Karatu da aiki

An haife shi a Paris. Ya yi karatu a École Polytechnique, sannan a makarantar ma'adinai ta Paris. Daga 1954 zuwa 1963 ya yi aikin binciken ma'adinai a Aljeriya da Faransa.

Matsalar ramukan gwaji

Kamfanin haƙar ma'adinai ba ya iya ganin abin da ke cikin ƙasa. Ramuka kaɗan yake hudawa ya ɗebo samfuri, kuma da su ake yanke shawarar zuba dukiya mai yawa. A mahaƙan zinariya na Witwatersrand da ke Afirka ta Kudu, injiniya Danie Krige ya lura cewa wurin da samfuri ya nuna arziki sosai yakan ba da ƙasa da abin da aka zata, wurin da aka raina kuma yakan ba da fiye.

Matheron ya ɗauki binciken Krige ya gina masa tushen lissafi. Ya yi amfani da ma'aunin bariyogiram, wanda ke nuna yadda bambanci tsakanin samfura biyu ke ƙaruwa gwargwadon nisansu. Da shi ake ba kowane rami nauyin da ya dace wajen ƙiyasta wurin da ba a huda ba, tare da sanin girman kuskuren da za a iya yi. Ya sa wa hanyar suna kriging don girmama Krige. Rauninta shi ne takan lafar da bambanci, har taswira ta nuna ƙasar ta fi daidaito fiye da yadda take.

Ya wallafa Traité de géostatistique appliquée a 1962 da 1963. A 1968 ya kafa cibiyar bincike a Fontainebleau, inda ya yi aiki da Jean Serra kan lissafin nazarin siffofi a hotuna. Yau ana amfani da kriging a harkar man fetur, ruwan ƙarƙashin ƙasa da nazarin ƙasar noma. Ya rasu a Paris yana da shekara 69.