Malam Jibril ɗan Umar: malamin da ya haɗa Sakkwato da zaurukan ilimin Misra

Duk wanda ya ziyarci Hubbaren Shehu a birnin Sakkwato ya san Mujaddadi Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817. Sai dai kaɗan daga cikinmu ne ke tuna malamin da ya fi tasiri a kansa, wato Malam Jibril ɗan Umar, Allah Ya yi masa rahama.

Malam Jibril ya yi zamani a ƙarni na 18, yana karantarwa tsakanin Agadas, Adar da Gobir. Sau biyu ya ƙetare hamada zuwa aikin Hajji, a lokacin da tafiyar ke cin shekaru, ya kuma mai da hanyar makaranta. A birnin Alƙahira ya zauna gaban Sayyid Murtada az-Zabidi, ya karɓi ijaza daga gare shi. Shi kansa Zabidi baƙo ne a Misra: an haife shi a Indiya a 1732, ya yi karatu a Zabid ta ƙasar Yaman, ya wallafa ƙamus ɗin Tajul Arus da sharhin Ihya'u na Imam Gazali, ya rasu a 1791.

Shehu ya lazimci Malam Jibril har Agadas, amma bai bi shi Makka ba saboda bai samu izinin mahaifinsa ba. Da malamin ya dawo daga Hajji na biyu, Shehu da ƙanensa Abdullahi suka sake komawa gare shi. Abdullahi ya ambata a littafinsa Ida'un Nusukh cewa ya karanci usulul fiƙhu a wurinsa, ciki har da Al-Kaukabus Saɗi'i na Suyuɗi. Ta wannan ƙofa isnadin Alƙahira ya shigo silsilar malaman Sakkwato.

Zafin kishin addini ya kai Malam Jibril ga kafirta masu aikata wasu manyan zunubai. Shehu bai bi shi a kan wannan ba. A littattafansa Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Shifa'ul Galil ya tabbatar da matsayin Ahlus Sunna, cewa saɓo ba ya fitar da Musulmi daga Musulunci muddin bai halatta shi ba. Ya yi wannan raddi cikin ladabi, bai daina girmama malaminsa ba.

A yau 'ya'yanmu na tafiya Azhar, Madina da jami'o'in Turai, wasu don shari'a, wasu don manɗiƙ da falsafa. Tarihin nan na koya mana mu ƙarfafa musu gwiwa su tafi da yardar iyaye, mu kuma auna abin da suka kawo da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna, komai girman wanda ya kawo shi.

Kabarin Malam Jibril yana kusa da Madawa a Jamhuriyar Nijar. Allah Ya gafarta masa, Ya amfanar da mu da iliminsa, amin.