Israel Adebajo, Attajirin Da Ya Kafa Stationery Stores

An haifi Israel Adebajo a 1920 a yankin Epe. Da cinikin takardu da kayan ofis ya yi arziki, kuma a 1958 ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai ɗauke da sunan kamfaninsa, Stationery Stores.

Ƙungiyar, wadda magoya bayanta suka bazu daga tsibirin Legas har Agege, ta lashe Kofin Ƙalubale a 1967 da 1968. 'Yan wasanta ne ƙashin bayan tawagar Nijeriya da ta yi kunnen doki, 3-3, da Brazil a gasar Olamfik ta 1968.

Ya rasu a 1969, bai cika shekara 50 ba. Ƙungiyar ta zama zakaran ƙasa a 1992, kafin rikicin gado a gidansa ya durƙusar da ita.